Ciɗo Mai Kifin Ice Ya Tafi

Ranar Talata, goma sha huɗu ga Janairu 2025, ina gyaran igiya a bakin tafkin Tabalak Hamisu ɗan kabu-kabu ya kira ni daga Tawa, ya ce Ciɗo ya rasu. Na Allah muke, kuma wurinsa muka nufa duka.

Yaya Ciɗo, ni ne Alhusaini, wanda ka tsinta a bakin kasuwar dabbobi shekarar da fari ya cinye garkena. Na sayar da akuyata ta ƙarshe, na zauna a inuwar shagonka na fentin moto don ba ni da inda zan nufa. Ba ka tambaye ni ko ɗan wa ne ba. Ka ba ni shayi, sannan ka ɗora mini wani ɗan kifi a tafin hannu, wanda ka sassaƙa da icen dashi, ka yi masa fenti da ragowar na mutane, ka rataya masa ƙugiyoyi. Ka ce, "Tahi Tabalak da wanga. In giwan ruwa ya gan shi yana walƙiya, ba ya wucewa." Ban taɓa riƙe igiyar kamun kifi ba, amma na tafi. Da wannan icen na ciyar da 'ya'yana har rani ya fita.

Abin da ya fi damunka shi ne gam ɗin da kake shafe kifayen icen da shi, mai kwalba biyu da ake haɗawa, wanda ke hana ruwa cin fentin. Lokacin zafi ba ya ba ka wahala. Da ɗari ya shigo, sai ya wuni yana danƙo, ya tsiyaye gefe guda, kifin ya karkace cikin ruwa. Ka ɗauko tsohuwar ƙafar keke ka jera su a jikin wayoyinta, ka haɗa ta da injin fanka tana juyawa a hankali. Tsiyayar ta daina. Saura bushewa. Ka fara ajiye kaskon gawayi a ƙarƙashi, kana rufe ƙofa da taga don kada ɗumin ya fita. Aikin wuni biyu ya koma na hantsi zuwa la'asar. Ka yi murna kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Mun ga fatar yatsunka tana ɓarewa, mun ji tarin. Maiɗakinka Saratu ta sha yi maka magana a kan ciwon kan da kake komawa gida da shi. Kullum amsarka ita ce, "Bari sanyin ga ya wuce."

Ana saura kwanaki ka rasu, ɓarayi suka kwashe komar kamun kifin Rissa, maƙwabcina, mai iyali da yawa da tsohuwar uwa makauniya. Da ka ji, ka aika masa kada ya sayar da kwalekwalensa, kana haɗa masa kifayen icen da za su riƙe shi. Su kake busarwa ranar Talata. Saratu ta kawo maka abincin rana ta tarar da ƙofa a rufe. Ta buga, shiru. Masu shagunan kusa suka ɓalle ƙofar. Ƙafar keken na ta juyawa, kai kana kwance kusa da kaskon, buroshi a hannunka. Likita ya ce iskar gawayin ce ta ɗauke ka ba tare da ka sani ba.

Bayan jana'iza Saratu ta kunce kifayen da hannunta ta miƙa wa Rissa. Sun bushe sarai, ba tabo ko ɗaya. Ya karɓa ya koma da su Tabalak. Har yau bai jefa ko guda cikin ruwa ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Ciɗo. Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa cikin da ka cika wa 'ya'yan mutane ya zama shaida gare ka. Saratu, Allah Ya ba ki haƙurin wannan rashi, Ya raya 'ya'yanki Ramla da Raƙiya, Ya zama gatansu. Mu masuntan Tabalak, ƙofofinmu a buɗe suke gare ku muddin muna numfashi. Amin.