Bulalar da Mudi Ya Kitsa

Mudi baduku ne a Gidan Rumji, ya haura shekara sittin, yana ɗinka kube da linzami a rumfar da ya gada wurin ubansa. Bara waccan wasu samari suka zo daga Maraɗi, suka ce suna shirya wasan talabijin kan yaƙe-yaƙen zamanin da. Suka ba shi aikin garkuwa huɗu, kuben takobi da bulala guda. Bulalar ce ta fi cin lokacinsa. Kwana shida yana kitsa ta da jan fata.

Ranar da za a nuna wasan, ya shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ya gayyato maƙwabta. Matarsa Habi ta zauna gefe tana tsinkar zogale, ɗiyarsu Nazira, malamar lakol, wato makarantar boko, tana kusa da ita.

Can cikin wasan, jarumin ya dawo daga yaƙi ya tarar tuwo bai sauka ba. Ya zaro bulala ya rufe matarsa da duka, ana ta buga masa tambari kamar ya ci gari.

"Kun gan ta? Aikina ne!" in ji Mudi yana dariya. "Mazan zamanin da, ba su da wasa."

Habi ta ajiye faifan zogalen, ta shige ɗaki.

"Baba, wane zamanin da?" in ji Nazira a hankali. "Ina aji biyu fa lokacin da Inna ta yi kwana uku ba ta fita daga ɗaki ba saboda dukan da ta sha."

Maƙwabta suka zuba wa talabijin ido, ba wanda ya juyo. Mudi ya daina dariya. Shekara ashirin ke nan, kuma shi a zatonsa kowa ya manta, tunda ba a taɓa tayar masa da zancen ba.

Da mutane suka watse, ya je ya tsaya bakin ƙofarta ya daɗe.

"Habi," ya ce, "ki yafe mini."

"Na ji, Malam," ta ce daga ciki.

Washegari a kasuwa mutane suka yi ta yaba masa aiki. Ya riƙa amsawa kansa a sunkuye, kafin azahar ya rufe rumfa ya koma gida.