Yaya Nasiru bai sha ƙwaya ba

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Nasiru, kuma har yau in an ambaci sunansa a unguwarmu Suwaidi sai an rage murya. Wannan rage muryar ce ta sa ni rubutu, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

A nan Riyad aka haife mu. Babanmu direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, a can kuma wani ma'aikaci ya ga girman jikin Yaya, ya yi masa hanyar karatu a Amurka. Jami'a ta ɗauke shi wasan ƙwallonsu, wanda ake sa hular kwano ana karo da juna. Aikinsa shi ne ya tsaya a gaba ya tare ƙartin da ke son kayar da mai jefa ƙwallo. Shekara huɗu yana karo da kai. Da ya gama, wata ƙungiya ta ɗauke shi, ya buga kakar wasa ɗaya, ta sallame shi.

Ya dawo mana da bizar ziyara, don iƙamarsa, takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa. Jikin yana nan, amma mutumin ya canza. Haske yana damunsa. Yakan manta raka'ar da yake. Wata rana ya fita sayen burodi, sai wani mai baƙala, wato kanti, ne ya rako shi gida. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba ya fara fasa kofuna, sannan ya zauna yana kuka yana tattara su.

Mutanenmu ba su ɓata lokaci ba. Yaro ya je Amurka ya dawo a birkice, to ƙwaya ce. Masu sauƙin hukunci suka ce iska ce, aka yi ta kai shi ruƙiyya. Na karanta duk abin da na samu a kan illar yawan buguwar kai, na kai wa Kawu Lawal, wan Baba, wanda maganarsa ake bi a gidanmu. Ya ce, “Hafsatu, ke da littattafanki. Ba da hula yake wasan ba?” Ba a kai shi hoton ƙwaƙwalwa ba har ranar da ya faɗi a ƙofar masallaci bayan la'asar, rai ya yi halinsa.

Yanzu a can Amurka maganar ta fito fili, tsofaffin 'yan wasa suna faɗin irin abin da muka gani a ɗakinmu. Ina tambayar kaina me Yaya zai ce. Ina jin dariya zai yi, ya ce ashe ba shi kaɗai ba ne. Abin da ba zai yi wa dariya ba shi ne yadda ake tsorata samari da sunansa: kar ka zama kamar Nasiru.

Juma'ar da ta wuce muka yi masa addu'a a gida. Ana cin kabsa Kawu ya ce, “Allah ya gafarta masa, shaye-shaye ba ya barin mutum.” Umma, wadda ba ta taɓa tanka masa ba, ta amsa daga bayan labule: “Yaya Lawal, ni nake share ɗakinsa, ni nake wanke aljihunsa. Ban taɓa ganin komai ba sai maganin ciwon kai.” Kawu ya ce Allah masani, ya ci gaba da cin abincinsa.

Ba kofin gasa ya bari ba, ba gida ba, ba ɗa ba. Suna kawai ya bari, shi ma ana ci gaba da ɓata shi. Ba ni da takardar likita da zan nuna muku, don ba a bari an duba shi ba. Shaidar uwarsa nake da ita, da tawa. Duk wanda zai yi masa addu'a, ya yi ta da muryarsa a sake. Allah ya jiƙanka, Yaya.