Mutumin da Ya Maye Gurbin Kifi

Shekara goma sha tara na yi ina gyaran injina a gidan ruwan garinmu, kuma a duk waɗanda na yi aiki da su, mutum ɗaya ne ban taɓa kamawa da ha'inci ba. Baban Kifi muke ce masa.

Aikinsa zama ne. A bayan ɗakin injina akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, a ciki akwai akwatin gilashi mai tsawon gado. Wani siririn bututu na zuba masa ruwan da muka tace kafin a tura wa gari, wani na fitar da shi. Kifaye na ciki. In ruwa na da lafiya, kifi na yawonsa. In wani abu ya shiga, kifi ne zai fara jin jiki, sai a rufe babban famfo kafin mutane su sha. Baban Kifi na zaune a kan kujerar ƙarfe yana kallonsu, kowace awa ya cike layi ɗaya a littafi: motsi, ci, numfashi, launi. Shekara ashirin da shida yana haka.

Ya san su fiye da 'ya'yansa. Ba ni na faɗa ba, matarsa ce. Takan kawo masa abincin rana, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka san ranar da kifi ya ƙi cin abinci, amma ajin da Auta take ba ka sani ba."

"Aji uku," ya ce, bai ɗauke ido daga gilashi ba.

"Ta gama makaranta bara."

Karfasa goma sha biyu ya tarar. Suka hayayyafa, suka tsufa, suka yi ta raguwa. Kowace shekara yana rubuta takardar neman sababbi, kowace shekara a ce masa takarda tana sama. Ni ban taɓa ganin saman nan ba, balle abin da ya sauko daga cikinsa. A ƙarshe kifi ɗaya ya rage, wata makauniya da yake kira Tsohuwa, wadda ta yi wata biyu tana iyo a karkace. Dokar wurin a bayyane take: in babu kifi mai motsi a akwati, a rufe ruwa. Akwai kuma wadda ba a rubuta ba amma kowa ya sani: in babu kifi, babu mai kallon kifi. Wata tara ya rage masa ya yi ritaya. In aka sallame shi kafin nan, ya tashi a tutar babu, ba fansho.

Ranar wata Talata da hantsi Tsohuwa ta juya ciki sama. Na shigo neman sifanar kwance noti na sami Baban Kifi tsaye, hularsa a hannu.

Direban tankar ruwa ya leƙo, ya ga abin da ke nan, ya rufe ƙofa da sauri. "Baba, kwantar da hankalinka. Minti ashirin in je kasuwa in kawo maka tarwaɗa huɗu masu rai. Oga bai san bambancin karfasa da akuya ba."

"Tarwaɗa?" in ji Baban Kifi. "Wadda ke kwana a taɓo? Ko man inji ka zuba mata sai ta ƙara ƙiba. Gari duk zai mutu tana iyo."

"To karfasar kasuwa fa?"

"Daga wane kududdufi? Da wace cuta? In ta mutu gobe, wa zai ce ruwanmu ne ko nata?"

"Baba, fanshonka fa nake ji."

"Je ka kira Oga."

Oga ya zo yana gumi. Shi mutum ne mai jawabi. Ya taɓa yi mana awa guda a kan muhimmancin rage surutu. Ya dubi kifin, ya dubi takardar doka a bango. In ya rufe ruwa, sama za ta kira shi. In bai rufe ba, sama za ta kira shi. Ya tambaya ko an tabbata ta mutu, ko barci take.

Baban Kifi ya ɗauki kofinsa na silba, ya tara a bakin siririn bututun, ya shanye, ya koma kan kujera ya harɗe hannu.

"Tsufa ne ya kashe ta, ba ruwa ba," ya ce. "Ku dube ni. In na juya ciki sama, ku rufe."

Oga ya ce to, na yau kawai, kafin sababbin kifi su iso. Sannan ya ce ai mutum ba zai kalli kansa da kansa ba, dole a sa wani. Ya waiga, ni ya gani da sifana a hannu.

Haka na zama mai kallon mai kallon kifi. Kowace awa ya sha kofi ɗaya, ni in cike layi. Motsi: ya tashi ya zaga kujera sau biyu. Numfashi: yana yi. Launi: baƙi, kamar jiya. Na yau kawai ya zama mako, mako ya zama wata.

Wani da ya samu wannan hanyar tsira da sai ya kurɓa ya zubar. Shi kuwa ya ɗauki abin da zafi. Ya daina shan shayi, ya daina cin komai a waje, har ruwan gida ya daina sha, da jarka yake tafiya da na bututu. Ya ce kifi ba ya shan ruwa biyu. Matarsa ta same ni a ƙofa ta ce, "Mai gyara, kai da ke da hankali, gaya mini gaskiya. Mijina ne har yanzu ko in fara watsa masa dusa?"

Na ce mata lafiyarsa ƙalau, a rubuce ma.

A wata na huɗu sama ta aiko da mai bincike. Oga ya yi ta kame-kame. Mai binciken ya duba littafi, ya ce bai taɓa ganin sashen da ke cike takarda tsaf haka ba. Ya tambayi nauyin kifin. Na gaya masa kilo sittin da ɗaya. Ya rubuta, ya tafi.

A wata na shida, da misalin ƙarfe goma, na ga Baban Kifi ya dafe ciki. Zufa ta keto masa. Ya ce, "Rufe."

Oga ya rugo. "Baba, ka tuna da kyau. Ba ka ci wani abu a hanya ba? Ko ɗan gyaɗa? Ka san abin da rufe ruwa ke nufi? Za su zo su tarar babu kifi. Ni da kai duk mun tafi."

"Na sani. Rufe."

Oga na cikin bayani na wuce shi na je na murɗa babban famfo da hannuna. Daga nan na bi injina ɗaya bayan ɗaya. Injin da ke zuba wa ruwa magani ya tsaya cik, bel ɗinsa ya tsinke tun jiya. Aikina ne in duba shi kullum da safe. Ban duba ba, ina can ina rubuta launin wani dattijo. Wannan laifina ne, kuma na faɗa a gaban kowa. Na canza bel, muka zubar da ruwan tanki biyu, gari ya wuni babu ruwa yana zaginmu. Baban Kifi ya kwana uku a asibiti.

Sama ta kira. Oga ya rubuta rahoto cewa tsarin kifi ya yi aiki yadda ya kamata, kuma kifin na samun sauƙi. Aka aiko da takardar yabo, da sunan Oga a kai. Ba wanda ya zo ya leƙa akwati. Baban Kifi ya dawo ya zauna a kujerarsa da kofinsa, sai dai na ce ni na gama. Aka sa magatakarda ya riƙa kallonsa, na koma kan injinana.

Saura kwana biyar ya ajiye aiki, sai ga mota da bokitai biyu. Karfasa goma sha biyu, ƙanana kamar yatsa, amsar takardar da ya rubuta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Oga ya tara mu, ya fara jawabi, ya ɗaga bokiti zai juye.

Baban Kifi ya riƙe masa hannu. Ya tara kofi a bututu, ya shanye, ya zauna yana duban agogo. Muka tsaya awa guda cur, Oga da bokiti a gabansa.

"Yanzu zuba su," ya ce. "Ruwan ba zai cuce su ba."

Ranar Litinin aka ba shi takardar ritayarsa cikakkiya. Ni na kai shi gida a kan babur, matarsa ta dafa masa shayi, ya sha kofi uku.