Da Aka Ce Shawara Ce, Sai Muka Yi Hamdala

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Sale. Direba ne, yana jigilar mutane tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, wani lokaci ya zarce Kano. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko idonsa ne ya yi rawaya. Daga nan ya daina son abinci mai maiƙo. Sai fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Na kai shi asibiti, aka ɗebi jininsa, muka zauna a benci. Ma'aikacin lafiya ya fito ya yi dogon bayani da sunan cutar a Turance. Da ya ga ba mu gane ba, sai ya taƙaita: "Shawara ce, ta taɓa hanta."

Muka yi hamdala. Nan kuskuren yake, kuma ina so mai karatu ya lura da shi. A wurinmu shawara ba ciwon tsoro ba ce. Kowane gida akwai wanda ya taɓa yin ta, aka jiƙa masa saiwa ya sha, ya miƙe. Yaya Sale har dariya ya yi a bakin ƙofa.

"Shekara nawa ina ba mutane shawara a tasha ba sa ɗauka," in ji shi. "Yau ga shi an ba ni tawa, Habu."

Ma'aikacin ya biyo mu har waje ya ce wannan ba irin wadda muka sani ba ce, a jini take zama. Ya faɗi abu uku. Kada Yaya ya haɗa aska ko abin yankan farce da kowa. Ya riƙa dawowa ana duba shi. Sannan ya dube ni ya ce in kawo matarsa da 'ya'yansa a gwada su, har da ni kaina. Na ji duka ukun. Ba mu yi ko ɗaya ba. Ba taurin kai ba ne. Mun ɗauka mun san ciwon, tunda mun san sunansa.

Aka yi jiƙo. Idonsa ya washe, ya koma kan sitiyari, ya koma wurin wanzaminsa na tasha kowace Juma'a. Bayan damina biyu cikinsa ya kumbura, sai ƙafafu. Da muka koma asibiti aka ce hantar ta gama lalacewa. Ya rasu da rana, aka kai shi bayan la'asar. Ni na yanka likkafaninsa na ɗinka. Ban yi kuka ba. Abin da nake tunawa shi ne ɗinkin ya miƙe daidai.

Yanzu rediyo yana yawan maganar. Ba sa cewa shawara kaɗai, suna cewa ciwon hanta, wai ba ƙasar da babu shi, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Masu aski na tasha sun fara ɓare sabuwar reza a gaban mutum. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga haka. Wataƙila ya tsokani mai askin. Wataƙila ya miƙa kansa kawai. Ban sani ba, muryarsa ma ta fara ɓace mini.

Bara babbar 'yarsa Hajara, wadda ke aure a Zandam, ta je awon ciki. Aka sami cutar a jininta. Aka ce ba wanda zai iya cewa ga lokacin da ta shige ta, amma abin da za ta haifa dole a yi masa allurar riga-kafi ranar haihuwa, kada a jira suna.

A gida ta haihu, da safe. Mijinta ya buga mini waya, na hau babur. Na tarar da surukarta, Inna Ladi, ta tare ƙofar ɗaki.

"Malam Habu, ɗan da ko cibiyarsa ba ta faɗi ba? Ina aka taɓa fita da jinjiri kafin suna?"

"Yau za a fara, Inna."

"Duk a kan shawara? Ni ma na yi ta ina budurwa, ga ni garau."

"Uban yarinyar nan ma dariya ya yi ranar da aka gaya masa."

Sai ta shiga ta naɗe yaron da kanta, ta ɗauko mayafi. "To ni zan riƙe shi. Ba na ba tela jikana ya yi ta tsalle da shi a ramukan hanya."

An yi masa allurar kafin azahar. Sauran alluran ma an yi su a kan lokaci, ni nake riƙe da katin. Bayan suna na kwashi mutanen gidan Yaya zuwa asibiti. Matarsa tana da cutar, ana duba ta. Ƙannen Hajara biyu ba su da ita, ni ma haka, an yi mana riga-kafi. Duka aikin bai ci wuni ɗaya ba.

In na auna abin da ya rage na Yaya Sale, ba shi da yawa. Motar tana hannun wani. 'Yan tasha suna maimaita barkwancinsa, wasunsu ba su san na wane ne ba. Akwai jika mai lafiya da bai gani ba. Akwai kuma Hajara, wadda za ta riƙa zuwa asibiti ana duba hantarta iya rayuwarta. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Saura abu ɗaya. Hajara tana gode mini duk lokacin da na je Zandam. Ba ta san tun tana 'yar shekara goma sha biyu aka ce in kawo ta ba, lokacin da wataƙila allura za ta riga cutar. Na kasa faɗa mata da baki. Shi ya sa na rubuta shi a nan. Mijinta yana karanta wannan jaridar.