Kilabiye a Cikin Kayan Ɗakina

Ƙawayena na lise, abokan karatuna na sakandare, kun ce in ba ku labarin tafiyar nan kada in rage komai. To ku gyara zama.

Hamdara

Tun kafin kiran sallar farko na farka, in ma har na yi barcin. Bikina ya matso. Baba ya sayar da gyaɗarsa, ya damƙa kuɗin kayan ɗaki a hannun yayarsa, Gwaggo Fanna, wadda ita ce take yi wa duk 'yan matan gidanmu sayayya da jere. Abin da ta nuna da yatsa shi ake saye. Abin da ta kau da kai daga gare shi ba ya shiga mota.

Ni kuwa abu guda na sa a rai, kuma ban gaya mata ba: kilabiye, allon madannan nan da ake jona wa ordinatar, wato kwamfuta. Na jikin ordinatar ɗina ya gaji, sai na danna harafi da ƙarfi kamar mai kashe kiyashi kafin ya fito. Da shi nake buga wa ɗalibaina jarrabawa, da shi nake rubuta waƙoƙina, da shi kuma nake wasan tseren mota in na tashi daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, kada ku yi mini dariya. Irin wanda nake so shi ne mai ɗan inji a ƙarƙashin kowane madanni, wanda ake kwancewa a sake masa tsari yadda rai yake so.

Lawali, wanda zan aura, ya ce shi zai saya mini. Na ƙi. Abin da mace ta shigo da shi daga gidan ubanta nata ne, kowa ya gan shi ranar jere, ba mai tambayarta daga baya me take yi da shi. So nake dangin mijina su gani da idonsu tun ranar farko cewa amaryarsu mai rubutu ce, kuma ba dainawa za ta yi ba.

Muka yi sallah, muka fita bakin titi da tocila. Taurari sun yi ƙasa-ƙasa a kan gonakin gero kamar in miƙa hannu in tsinko. Motar da ta tsaya mana hayis ce cike da buhuna da mata masu kai kaji birni. Direba ya ce Hajiya ta shiga gaba, Gwaggo ta ce ita ba ta rabuwa da amarya, sai aka matsa mana a baya. Wata kaza ta ɗora kai a kan ƙafata ta yi barcinta, ni kuwa sai murmushi nake yi wa duhu.

Mirya

Gari ya waye mana a shingen jandarma. Aka karɓi katin kowa aka duba. Jandarman ya ga lallen gwaji a hannuna, ya ce Allah ya sanya alheri, duk motar ta amsa da amin, na rasa inda zan sa fuskata.

A Mirya muka sauka, don Gwaggo ba ta wuce garin nan ba ta ga tukwane ba. Muka sha kunu da ƙosai mai zafi a gindin wata kuka, sannan muka nufi wajen masu ginin tukwane. Nan na ga yadda take zaɓe. Ba ta kallon ado. Sai ta ɗaga tulu da hannu guda, ta ƙwanƙwasa shi da ƙashin yatsa, ta karkata kunne. Wanda ya yi ƙara mai tsawo ta ajiye gefe, wanda ya amsa a dushe ta mayar. Ta ware tulu da randa da tukunyar tuwo, ta ce a ajiye mata sai mun dawo.

Ganin ranta fari, na yi ta maza na faɗa mata buƙatata. Ta saurare ni har na gama.

"Ana dafa abinci da shi?"

"A'a, Gwaggo."

"Ana zama a kai?"

"A'a."

"To me ya kawo shi ɗakin amarya?" Ta gyara mayafi. "Mu je dai in gan shi."

Ba ta ce eh ba, amma ba ta kau da kai ba. Na shiga mota ta biyu ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Damagaram, ranar farko

Manyan duwatsun nan masu kama da giwaye a durƙushe su suka fara yi mana maraba. Daga tasha muka ɗauki adaidaita zuwa kasuwa, kuma daga nan ban ƙara zama ba sai la'asar. Kwanuka, kuloli, labule, katifa, tabarmi, faranti masu zanen furanni. Gwaggo tana taya kaya kamar an ɓata mata rai, ta juya za ta tafi, a kira ta, ta dawo tana mita. Kowane kwano sai ta buga masa yatsa. Ni dai ina biye da ita da ledoji, ina leƙen kowane shagon da na ga waya ta rataye a ƙofarsa.

Muka sauka a unguwar Birni, gidan Yaya Zara, 'yar Gwaggo, wadda take aikin jinya. Famfonsu ya kwana biyu bai kawo ba, don haka da buta guda na yi wanka, amma ta cika mu da tuwon gero miyar kuka da alkaki mai ɗigar zuma. Muna cikin ci Lawali ya kira. Ya ji labarin gobe ne za mu shago, shi ne yake roƙo a zaɓi mai laushi, wanda ba ya gardama in ana wasa. Gwaggo ta tambaya wa ke magana. Yaya Zara ta ce ai angon ne yake ba da shawara a kan kayan ɗaki.

"Gaya masa tunda nake ban taɓa jin ango ya zaɓi tukunya ba," in ji Gwaggo.

Ya ji ta sarai. Ya ce a gaishe da Gwaggo, ya kashe waya. Muka yi dariya har na ƙware da ruwa.

Damagaram, rana ta biyu

Shagon a unguwar Zango yake, ɗan ƙarami, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin jakar fata. Yaya Zara ce ta yi mana kwatance. Mai shagon, Mutari, ya shimfiɗa wa Gwaggo darduma a kan benci, ya kunna mata fanka, sannan ya fara sauko da kwalaye.

Ku yafe mini, a nan hankalina ya tashi sama. Akwai dogo mai lambobi a gefe, akwai gajere wanda zai shiga jakata ta lakwal. Na ɗauki matsakaici, wanda aka yanke masa lambobin gefe aka bar masa kibiyoyi, don teburina ƙarami ne kuma tseren mota ba ya yiwuwa sai da kibiya. Mutari ya ce akwai mai waya, akwai marar waya. Na tuna hasken rana muke dogara da shi a Hamdara, abin caji ya riga ya yi mana yawa, na ce mai waya.

Sai ya ɗauko wani ɗan ƙarfe kamar hantsaki, ya cire hular madanni guda. A ƙarƙashinta ga ɗan injin, shi yake kira suwic. Ya ce launinsa ne yake faɗin halinsa, ya jera mini uku in taɓa. Ja yana nutsewa sumul, ba ƙara, kamar ka sa yatsa a man shanu. Shi masu wasa suke so. Mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya, yatsa ya ji harafi ya fita, sautinsa kamar yayyafin farko a kan rufin kwano. Shuɗi kuwa ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana fasa gyaɗa. Na rufe ido na yi ta danna mai ruwan ƙasa. Wallahi na ji baitoci suna layi a bakin yatsuna.

Gwaggo ta miƙo hannu. Ta danna ja, ta karkata kunne, ta ture shi. Ta ce wannan a fashe yake. Mutari ya rantse sabo ne, haka aka yi shi. Ta danna nawa, ta ce da dama-dama. Ta danna shuɗi, fuskarta ta washe.

"Wannan ne mai lafiya."

Na ce Gwaggo, gidan su Lawali gidan yawa ne, in na kama rubutu da wannan bayan asuba har maƙwabta sai sun tashi. Ta ce to su tashi mana, safiya ta yi. Mutari yana ta danne dariya. Shi ne ya ce ai ba sai an yi faɗa ba, wannan allon kowane suwic zare shi ake yi a sa wani, ba walda ba komai. Aka zauna rabon gado. Haruffa duka aka sa musu mai ruwan ƙasa. Kibiyoyi aka sa musu ja, saboda tsere, kuma saboda wani bawan Allah da aka hana shi magana jiya. Babban madannin da ake bugawa in layi ya ƙare, shi aka ba Gwaggo, shuɗi.

Saura tsarin haruffa. Kayan Mutari ta Kano suke shigowa, jerinsu na Ingilishi ne, mu kuwa da jerin Faransanci muka koya. Ya ce ordinatar ɗina ya riga ya san jerinmu, huluna kawai za a sauya wa wuri. Ya kawo wasu masu tsayi ɗaya, launin ƙasa-ƙasa da fari kamar bangon Birni da rana, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna dasawa kamar masu shuka. Ya jona, na buga layi biyu ina kallon bango, ban yi kuskure ba. Gwaggo ta matso ta tsura wa hannuna ido. Sannan ya kunna mini tsere. Na kwasa a guje, ta kama kafaɗata tana cewa in rage wuta ga kwana nan, akwai mutane a bakin hanya. Na zo ta biyu.

Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Sai ya ce bari Hajiya ta ga wani abu, ya danna wani wuri. Fitilu suka tashi a ƙarƙashin madannan, kore ya bi shuɗi, shuɗi ya bi ja, suna gudana kamar ruwa. Gwaggo ta riƙe haɓa.

"An saya," ta ce. "A tsakiyar armuwar za a sa shi, kwanuka dama da hagu, a kunna wutar nan ranar jere. Duk Hamdara ba a taɓa yin irinsa ba. A kulle gilashi, kada yara su taɓa."

Kun san kayan armuwar, kabad ɗin gilashin nan na jeren amarya. Na kallo ne, ba na aiki ba. Kwanukan Yaya Zara tun bikinta suna nan, sai dai a goge su da Sallah a mayar. In amarya ta buɗe ta ɗauki abu, a ce ta ɓata jeren gwaggonta.

Ban saba mayar mata da magana ba. Amma na ce, "Gwaggo, in na kallo ne gara a bar shi a shago. Aiki zan yi da shi, kullum."

Ta dube ni, ta dubi allon. Ta juya ga Mutari ta shiga ciniki, ta tashi za ta tafi har sau biyu, ya bi ta ƙofa, aka daidaita, ya ƙara mana hantsakin da 'yan suwic na ajiya. Kwalin kuwa ita ta ɗauka, ba ta ba ni ba.

Hanyar gida

Muka yi sallama da Yaya Zara bayan azahar. Kaya suka hau saman mota aka ɗaure da igiya. Direba ya miƙo hannu zai karɓi kwalin, Gwaggo ta ce wannan a cinyarta zai zauna. A Mirya aka ɗora tukwanenmu cikin ciyawa. Ta sayi rake ta miƙo mini, amma zancen kilabiye ko kalma. Ni kuma sai kallon gonaki nake, ina tsara yadda zan roƙi Inna ta roƙi Baba ya roƙi yayarsa, ina sane ba wanda zai iya.

Hamdara kuma

Rana tana shirin faɗuwa muka iso. Kafin a gama sauke kaya matan gida da na maƙwabta sun cika tsakar gida. Aka shimfiɗa tabarmi biyu yadda aka saba, ɗaya ta kayan ado, ɗaya ta kayan aiki. Gwaggo ta zauna a tsakiya tana rabawa. Faranti masu fure, dama. Tukunyar tuwo da muciya da rariya, hagu. Kwalin ne ya rage. Aka ce a buɗe, na jona shi da ordinatar, fitilu suka tashi, mata suka ɗauki guɗa. Wata ta ce ai wannan sai tsakiyar armuwar, har ta miƙa hannu za ta kai shi dama.

Gwaggo ta riƙe hannunta.

"Ni ma haka na so. Amma na ga yarinyar nan tana taɓa shi ba ta kallo, yadda nake tuƙa tuwo ina hira. Hannunta ya riga ya san shi." Ta ɗauke shi da hannu biyu, ta ajiye shi a hagu, tsakanin turmi da tukunya. "Ranar jere a kan tebur za a sa shi, da kujera a gabansa. Duk wanda ya tambaya a gidan mijin, a ce ni na ajiye."

Na durƙusa zan yi godiya, sai na kifa kaina a cinyarta kawai. Ta ce in tashi kada in ɓata mata zane.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ko tulu guda bai fashe ba. Na gode wa Yaya Zara da alkakinta, da Mutari da haƙurinsa, da Baba da guminsa. Wannan labarin da kuke karantawa a kan sabon kilabiyen na buga shi, a ƙofar ɗakin Inna, Gwaggo tana gefe tana ɓare gyaɗa tana tambayata ko na sa sunanta daidai.