Ranar da Na Zama Kwamfuta a Wajen Gafasa

Har yau ban manta da ranar da aka rufe ni cikin akwatin katako aka ce da mutane ni kwamfuta ce ba. A bazara ne, wajen ƙarshen shekarun 1970, ina ɗalibi a jami'a, na samu aikin hutu a matsayin mataimakin mai bincike. Shi ne matsayi na ƙasa a tawagar, ko direba ya fi ni faɗa a ji.

Shugabanmu Dakta Sabo ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba. Abin da yake son sani shi ne, idan wata rana aka kawo injin da zai ba manoma shawara, yaya za a tsara fuskarsa mutum ya yi amfani da shi ba tare da an koya masa ba? Injin kuwa babu shi. Kwamfuta a lokacin ɗaki guda take cinyewa. Dabarar masu irin wannan bincike ita ce a ƙera akwati mai kama da injin, a ɓoye mutum ya yi aikinsa, a tsaya a ga inda jama'a ke rikicewa. Rikicewar ake nema, don da ita ake gyara.

Akwatinmu ya kai girman kabad. A gabansa akwai maɓallai da zanen gero, dawa, gyaɗa da saniya. In an danna, fitila ta kama a ciki, ni kuma in sa kaset ɗin da ya dace a rikoda. Dakta ya zaɓe ni ne don ba ni da surutu.

"Ko tari kada ka yi," in ji shi. "Suka gane da mutum a ciki, aikin ya lalace. Aikin ya lalace, ba ni ba tafiya da kai baɗi."

Ni kuwa da wannan aikin nake fatan a riƙe ni in ci gaba da karatu.

Daga Gaya muka tashi muka sauka wani ƙauye kusa da Gafasa. Aka kafa akwatin a zauren mai unguwa, Baba Ilu, aka fitar da kowa, na shiga ta baya, direba ya rufe.

Da hantsi komai ya tafi yadda Dakta yake so. Mutum ya zo ya yi wa akwatin sallama, ya tsaya jiran amsa. Wani ya danna biyu tare. Wani Bafulatani ya danna saniya, ya ce wannan ai ba ta yi kama da ta kowa ba. Ina jin alƙalamin Dakta yana gudu. Ni kuma gumi ya jiƙe mini riga har wando, kaset yana zame mini a hannu.

Aka tashi sallar azahar, aka fito da ni a ɓoye na yi tawa a bayan mota, na koma. Daga nan al'amari ya sauya. Kowa ya shigo, ba sallama ba dube-dube, sai ya miƙa hannu ya danna gyaɗa, ya saurara, ya yi godiya, ya fita. Tsoho gyaɗa, saurayi gyaɗa, har Bafulatanin da ya dawo karo na biyu gyaɗa.

"Ka gani ko!" Dakta yake ce wa direba. "Zanen gyaɗar nan ya fi sauran fita. Ga kuma cutar da ta cinye musu ita shekarun nan. A rabin yini sun ƙware!"

Can Dakta ya fita shan iska. Sai na ji an ƙwanƙwasa katakon daidai kunnena.

"Ɗan nan, sannu da zafi," in ji muryar Baba Ilu ƙasa-ƙasa. "Ka daure, saura kaɗan. Na ce kowa ya danna gyaɗa, ita ce maganarta ba tsawo. Ga fura nan a bayanka in ka samu sarari."

Ban ce uffan ba, tunda an hana ni. Amma furar na sha.

Da la'asar muna ɗaure kaya na yi ta juya maganar. In na yi shiru, sakamakon ya yi kyau, aikina ya tsira. Sai dai zai shiga rahoto cewa manoman wajen Gafasa ba abin da ya dame su sai gyaɗa. Na kasa haɗiye wannan. Na matsa kusa da Dakta, idona a ƙasa, na faɗa masa.

Ya ajiye kayan da ke hannunsa. Sannan ya nufi mai unguwa, ina biye.

"Baba, ashe kun san da mutum a ciki?"

"Dakta, ai ku uku kuka sauko daga mota. Abincin mutum uku na sa aka ɗora."

"To me ya hana ku faɗa?"

"Haba, ranka ya daɗe. Baƙo ya taso tun daga birni da abinsa, ya sha wahalar ɓoyewa, sai mu kunyata shi? Mun ga ba ka so mu sani, shi ya sa ba mu sani ba."

Direba ya shige bayan mota yana tuntsira dariya. Muka kama hanya har muka kusa Gaya. Sannan Dakta ya yage duk abin da ya rubuta bayan azahar, ya ce da ni ba tare da ya juyo ba, "Gobe ƙauyen Balan za mu. A ƙafa za ka riga mu shiga gari, kuma a huda wa akwatin nan tagogi." A nan na gane ba a kore ni ba.

Shekaru na yi bayan nan ina gwada injuna a kan mutanenmu, na gaske ba na katako ba. Ku da kuka shigo aikin yanzu, in kun kai wa mutum abin da kuka ƙera ya ce ya yi kyau ƙwarai, kada ku yi saurin murna. Mutanenmu suna da kara, sun gwammace su sha wahalar abinku da su ɓata muku rai. Wanda ya tsuke fuska ya ce saniyarku ba ta yi kama da saniya ba, shi za ku ba kujera.