Sunan Zungeru da Gonar Aro

Ni tela ne a Sabon Garin Minna, amma abincin gidana daga wata gona yake fitowa a bayan Maikunkele. Gonar aro ce. Wani dattijon Gbagyi ya ba mahaifina, ni kuma na ci gaba da nomawa, bisa sharaɗin duk kaka in kai masa doyar fari in sake roƙo. Bara na je, bakina ya ja mini.

Na same shi a gindin mangwaro tare da babban ɗansa, wanda ya daɗe yana so a karɓe gonar a yanka filaye. Na sauke doyar, muka gaisa. Kafin in kai ga roƙon, ɗan ya ce jiya ya dawo daga Zungeru, inda Turawa suka taɓa kafa hedikwatar Arewa.

Dattijon ya ce, "Ba sunan garin ke nan ba. Wani mutuminmu ne ya zauna a bakin kogi yana kaɗa abin kiɗansa, dunguru. Bature ya kasa faɗa, ya ce Zungeru."

Da na yi shiru, shi ke nan. Amma kakana a tashar jirgin ƙasa ta can ya yi aiki kafin a dawo da shi Minna, kuma ina da mugun hali, ba na iya barin magana ta wuce ni.

Na ce, "Baba, zunguru ai Hausa ce, dogon duman da mata ke zura hannu in sun ƙunsa lalle. Wasu ma sun ce ɗungurum ne, wato gaba ɗaya. Ku ne harshenku bai iya furta harafin 'ɗ' ba, kuka mai da shi dunguru."

Ɗan ya ce, "To tela, Minna fa? Ita ma ku kuka raɗa mata?"

"Minna taku ce, watsa wuta ne ko me kuke cewa. Amma nan Maikunkele da muke zaune, da 'mai' sunan ya fara. Su wa ke da 'mai'?"

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Matar da ke daka a bayanmu ta tsayar da taɓarya. Ɗan ya juya ga ubansa yana magana da sauri cikin yarensu, yana nuna wajen gonar. Ban ji ko kalma ba, don duk zaman nan ko gaisuwarsu ban koya ba.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Suna nake nufi, ba ƙasa ba."

Dattijon ya ce, "Ubanka ya ci abinci a gidan nan har ya tsufa, bai taɓa koya mini sunan garina ba. Ka tone abin da ka shuka. In ka gama, kada ka sake sa fartanya."

Ya sa aka ɗaure mini doyata a bayan babur.

Na sha komawa ban haƙuri. Yana amsa gaisuwa, yana tambayar yara, in na ɗauko zancen gona sai ya kira a kawo mini ruwa. Ba na ganin laifin kowa sai nawa. Watan jiya na bi ta wurin, na tarar an kafa turakun awo, an jibge yashi a inda nake busar da gyaɗa.